Zuba Jari a Jan Ƙarfe: Wace Hanya Ce Ta Dace da Kai?

Hujjar masu cewa a sayi jan ƙarfe ba ta da wuyar ganewa. Kusan duk inda wutar lantarki za ta bi, shi ne hanyarta: wayoyin cikin gini, tiransifoma, na'urar sanyaya ɗaki, injinan masana'antu, tashoshin wuta na hasken rana da na iska, da manyan cibiyoyin adana bayanan intanet. Motar lantarki kan ci jan ƙarfe ninki uku zuwa huɗu na abin da motar fetur ke ci. Ga shi kuma buɗe sabuwar mahaƙa kan ɗauki fiye da shekara goma daga gano ma'adinin zuwa fitar tan na farko, yayin da tsofaffin mahaƙu, musamman na Chile wadda ke samar da kusan rubu'in abin da duniya ke haƙowa, suke ta ƙara zurfi, albarkar dutsen da ake fasawa kuma tana raguwa.

Ni ma na gamsu da wannan hujja. Amma gamsuwa da ita daban, cin ribarta daban. Mutum biyu za su iya yarda cewa farashi zai tashi, ya kuma tashi ɗin, ɗaya ya samu, ɗaya ya tashi da asara, don kawai ƙofar da suka bi suka shiga ba ɗaya ba ce. Ƙofofin biyar ne: riƙe ƙarfen kansa, kwantiragin saye na gaba, asusun da ke bin farashi, hannun jarin kamfanonin haƙa, da cinikin bambancin farashi da dillalan intanet ke tallatawa. Kowace da abin da take sayar maka a zahiri, kuma ba kowace ce ke sayar maka da jan ƙarfe ba.

Ma'aunan da za mu yi amfani da su

Na farko tsada, kuma ba ta ranar saye kaɗai ba. Akwai abin da za ka biya ka shiga, da abin da za a riƙa zaftare maka muddin kana riƙe, da abin da za ka rasa ranar fita. Na biyu ɗorewa: shin za ka iya riƙe wannan jari shekara biyar ko goma ba tare da ya zaizaye da kansa ba? Na uku sauƙi, wato saurin saye da sayarwa da kuma yawan ilimin da ake buƙata. Na huɗu haɗari, tare da tambayar da mutane kan manta: shin asarar za ta iya wuce abin da na zuba? Na biyar shi ne wanda na fi ba wa nauyi: idan farashin jan ƙarfe ya tashi da kashi 20 cikin ɗari, nawa ne zai iso aljihunka?

Kafin a shiga hanyoyin, ya kamata a san halin dabbar da za a hau. A tsakiyar 2008 tan ɗaya ya kusa dala 9,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan, kafin ƙarshen shekarar ya faɗo ƙasa da dala 3,000. A Fabrairun 2011 ya haura dala 10,000, daga nan ya yi ta gangarowa har ya kai wajen dala 4,300 a Janairun 2016. Bai sake taka matsayin 2011 ba sai a 2021. Shekara goma ke nan, kuma shi ƙarfe ba ya haihuwa: ba ya biyan haya, ba ya rabon riba. A Mayun 2024 ya zarce dala 11,000, a ƙarshen 2025 ya sake kafa sabon tarihi. Babban abin da ke juya wannan farashi shi ne ƙasar Sin, wadda ke cinye fiye da rabin tataccen jan ƙarfen duniya. In gine-gine da masana'antunta suka yi sanyi, duk wani zance na motocin lantarki ba ya hana farashi faɗuwa. Idan kuma ya yi tsada da yawa, masu masana'antu kan koma wa alminiyom a inda zai yiwu, tsofaffin wayoyi da bututu kuma su yi ta fitowa ana narkarwa, domin jan ƙarfe ba ya rasa ingancinsa komai yawan narkarwa.

Hanya ta ɗaya: riƙe ƙarfen kansa

Wannan ce ta fi kwanta wa mutane a rai, domin abu ne da ido ke gani, hannu ke taɓawa. Ita ce kuma ta fi rashin dacewa da ƙaramin mai jari, saboda dalili ɗaya: nauyi. Idan tan yana dala 10,000, kilo ɗaya dala 10 ne kacal. Zinariyar dala 10,000 tafin hannu zai ɗauke ta, jan ƙarfen dala 10,000 kuwa sai da mota da masu dako.

Ƙananan sanduna da kwabbai masu ƙyalli da ake sayarwa a intanet, na oza ɗaya ko kilo ɗaya, kallon kitse ake yi wa rogo. A wancan farashi, ƙarfen da ke cikin oza ɗaya bai kai santi 30 ba, amma akan sayar da shi ninkin-ba-ninkin haka, saboda kuɗin ƙira da bugun tambari da aikawa. Ƙasashe da yawa da suka yafe harajin saye a kan zinariyar ajiya ba su yafe shi a kan jan ƙarfe ba. Ranar sayarwa kuma, mai sayen tsofaffin ƙarafa zai ɗora a sikeli ne ya biya ka ƙasa da farashin kasuwa, bai damu da tambari ba. Sai farashi ya ninka sau da yawa kafin ka maido da uwar kuɗinka.

Manyan 'yan kasuwa ba haka suke riƙe shi ba. Suna sayen takardar mallaka ta ɗaya daga cikin rumbunan da kasuwar Landan ta amince da su, a garuruwa irin su Rotterdam, Busan da New Orleans. Kowace takarda tan 25 ce ta tataccen ƙarfe, wato dala 250,000 a farashin misalinmu, ga kuɗin hayar rumbu da ake lissafawa kullum a kan kowane tan, ga inshora. Ko a nan ma akwai abin lura. A 2014 an gano a tashar jiragen ruwa ta Qingdao da ke ƙasar Sin cewa an yi ta jinginar da kaya ɗaya wurin bankuna daban-daban da takardu masu maimaita juna. Takarda ba ta fi amanar rumbun da ya ba da ita ba.

Ta fuskar ɗorewa, babu abin da ya kai shi. Ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, sai dai ya yi duhu ko kore a sama. Babu kamfanin da zai karye ya tafi da shi. Haɗarinsa sata ne, da jabu, wato alminiyom ko baƙin ƙarfe da aka yi wa rufin jan ƙarfe, da kuma sayen kayan sata ba da sani ba, domin satar wayoyin lantarki matsala ce a kusan kowace nahiya, kuma ƙasashe da dama suna sa ido sosai a kan cinikin tsohon ƙarfe.

Hanya ta biyu: kwantiragin saye na gaba

A nan ake yanka farashin duniya. Kasuwanni uku ne manya. Ta Landan, LME, wadda aka kafa a 1877, kwantiraginta tan 25 ne, farashi da dala a kan tan. Ta Amurka, COMEX, kwantiraginta laba 25,000 ne (laba ɗaya ɗan ƙasa da rabin kilo ne), farashi a kan laba, akwai kuma ƙarami na laba 2,500. Ta Shanghai tan 5 ne, da kuɗin yuwan. Abin da kake yi shi ne alkawarin saye ko sayarwa a wani wata mai zuwa a farashin da aka tsayar yau, kuma yawancin mutane kan rufe cinikin kafin lokacin karɓar kaya.

Kuɗin dillali kaɗan ne, kuma babu hanyar da ta fi ta bin farashi sau da ƙafa. Matsalar tana wurin jingina. Ba ka biyan cikakken kuɗin kaya, sai wani ɗan kaso, sau da yawa ƙasa da kashi 10 cikin ɗari. Ɗauki kwantiragin COMEX a dala 4.50 kowace laba: kayan dala 112,500 ke nan a wuyanka. Duk motsin santi ɗaya dala 250 ne, riba ko asara, kuma kullum ake yin lissafi. Jinginarka ta ragu, dillali ya nemi ciko nan take, in babu ya sayar da kwantiraginka a farashin da ya samu.

Abin da ya faru a Yulin 2025 ya isa darasi. Shugaba Donald Trump ya sanar da harajin kashi 50 cikin ɗari a kan jan ƙarfen da ake shigarwa Amurka, farashin COMEX ya yi sama ya bar na Landan a baya da tazara mai yawa. A ƙarshen watan, da cikakken bayani ya fito, sai ga shi tataccen ƙarfe ba ya cikin abin da harajin ya shafa. Cikin sa'o'i farashin COMEX ya zube da kusan kashi 20 cikin ɗari, fiye da dala ɗaya a kowace laba, wato sama da dala 25,000 a kan kwantiragi guda. Wanda ya ajiye jinginar da ba ta kai haka ba, ya rasa ta duka, bashi kuma ya hau kansa. Ba ƙananan mutane kaɗai wannan kasuwa ke kayarwa ba: a 1996 kamfanin Sumitomo na Japan ya bayyana asarar da ta kai dala biliyan 2.6 daga cinikin jan ƙarfe na babban ɗan kasuwarsa Yasuo Hamanaka.

Ɗorewa kuwa babu. Kowane kwantiragi yana da ranar ƙarewa, dole ka sayar ka sayi na gaba. An gina wannan hanya ne domin mai mahaƙa da ke son tsayar da farashin abin da zai haƙo, da mai masana'antar waya da ke son sanin abin da zai biya nan da wata shida. Ga Musulmi mai jari akwai ƙarin magana: Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda ta yanke a 1992 cewa irin wannan ciniki da ake jinkirta kuɗi da kaya gaba ɗaya bai halatta ba. Wanda wannan ya shafa ya san da shi tun kafin ya buɗe asusu.

Hanya ta uku: asusun da ke bin farashi

Wannan asusu ne da ake sayen hannunsa a kasuwar hannayen jari kamar na kowane kamfani, irin wanda ake kira ETF. Misalansa su ne CPER a Amurka da WisdomTree Copper a Landan. Da kuɗi kaɗan za ka shiga, a ranar da ka so za ka fita, asararka ba ta wuce abin da ka zuba, babu mai kiranka ciko. Kuɗin kula da asusu yawanci tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne a shekara.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne cewa yawancin waɗannan asusu ba su da ko kilo ɗaya na jan ƙarfe. Kwantiragin gaba suke riƙewa a madadinka, suna sabunta shi duk lokacin da ya kusa ƙarewa. A nan zaizayar take. Sau da yawa farashin watanni masu zuwa ya fi na yau, domin an haɗa da kuɗin rumbu da na riƙe jari. Bari mu buga misali: asusu ya sayar da kwantiragin da ke ƙarewa a dala 9,000, ya sayi na wata uku a dala 9,100. Wata ukun ya cika, farashin kasuwa yana nan a 9,000. An rasa dala 100 a kowane tan ba tare da jan ƙarfe ya faɗi ba. Maimaita haka sau huɗu, fiye da kashi 4 cikin ɗari ya tafi a shekara. Kuɗin ruwan da asusun ke samu daga takardun bashin gwamnati da ya ajiye a matsayin jingina yana rage wannan giɓi, amma wannan kansa abin dubawa ne ga mai guje wa kuɗin ruwa.

Wani lokaci lamarin kan juya. Idan kaya ya yi ƙaranci a rumbuna, farashin yau yakan fi na gaba, kamar a Oktoban 2021 da tazarar ta wuce dala 1,000 a kan tan a Landan. A irin wannan yanayi sabuntawa riba ce. Sai dai ba ya daɗewa, kuma ba a gina shirin shekara goma a kansa.

Ka kuma duba wace kasuwa asusun yake bi. Wanda ke bin COMEX ya sha faɗuwar Yulin 2025 gaba ɗayanta, alhali farashin Landan bai motsa sosai ba a ranar. Akwai kuma asusun da ke riƙe ainihin ƙarfen a rumbu, irin wanda kamfanin Sprott ya buɗe a Toronto a 2024. Shi ba ya da matsalar sabuntawa, amma kuɗin rumbu yana cin jikinsa a hankali, kuma farashin hannunsa a kasuwa kan iya sauka ƙasa da darajar ƙarfen da yake riƙe da shi.

Hanya ta huɗu: hannun jarin kamfanonin haƙa

A nan zan fi daɗewa, domin ita ce hanyar da yawancin mutane za su ƙare a kanta, kuma ita aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mai sayen hannun jarin kamfanin haƙa ba ƙarfe ya saya ba. Ya sayi kamfani ne, da shugabanninsa, da bashinsa, da ma'aikatansa, da gwamnatin ƙasar da ramin yake.

Abin da ke jan mutane shi ne yadda riba ke ninkuwa. A ce kamfani yana kashe dala 6,000 ya fitar da tan ɗaya. Farashi yana 8,000, ribarsa 2,000. Farashi ya hau 10,000, wato ƙarin kashi 25 cikin ɗari, ribarsa ta zama 4,000, ta ninka. Haka kuma idan farashi ya sauko 6,000, faɗuwar kashi 25 ke nan, amma ribar ta ƙare ƙaf. Shi ya sa hannayen jarin nan kan fi ƙarfen gudu a hawa da sauka. Su kaɗai ne kuma cikin hanyoyi biyar ɗin ke iya biyanka rabon riba kana zaune.

Tarihin Freeport-McMoRan, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jan ƙarfe na duniya, ya nuna fuskokin biyu. Daga 2011 zuwa farkon 2016 farashin ƙarfen ya faɗi da ɗan fiye da rabi, hannun jarin kamfanin kuwa ya zubo daga sama da dala 50 zuwa ƙasa da dala 4, aka kuma dakatar da rabon riba. Wani ɓangare na dalilin shi ne tulin bashin da ya ciwo a 2013 ya sayi kamfanonin mai da gas, abin da ba ruwansa da jan ƙarfe. Wanda ya yi haƙuri daga wancan ƙasa ya ga ninki mai yawa daga baya, wanda ya saya a sama kuma ya yi shekaru yana jira.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo: ranar da labarin da ya ɗaga farashin jan ƙarfe shi ne ya kayar da kamfaninka. A ƙarshen 2023, bayan zanga-zanga mai tsawo, Kotun Ƙolin Panama ta yanke cewa yarjejeniyar mahaƙar Cobre Panamá ta saɓa wa tsarin mulki, aka rufe ta. Hannun jarin First Quantum, mai mahaƙar, ya rasa fiye da rabin darajarsa cikin makonni, yayin da raguwar kaya a kasuwa ta taimaka wa farashin ƙarfen. A Satumban 2025 malalar laka ta cika wani sashe na mahaƙar Grasberg da Freeport ke gudanarwa a Indunusiya, ma'aikata suka rasa rayukansu, aiki ya tsaya. Farashin jan ƙarfe ya tashi, hannun jarin Freeport ya faɗi warwas a rana guda. Ga yajin aiki, kamar na kwana 44 a Escondida ta Chile a 2017, mahaƙar jan ƙarfe da ta fi kowace girma a duniya. Ga sauyin haraji, kamar sabuwar dokar da Chile ta kafa a 2023. Ga ƙarancin ruwa a hamadar Atakama ta Chile, ga matsalar wutar lantarki da ta sufuri a yankin jan ƙarfe na Zambiya da Kwango.

Kamfanonin ma ba ɗaya suke ba. Irin su Southern Copper, Antofagasta, First Quantum da Ivanhoe Mines, jan ƙarfe ne ƙashin bayansu. Irin su BHP da Rio Tinto kuwa, tama tana kawo musu kaso mai tsoka na riba, Glencore kuma tana da kwal da harkar dillancin kaya. Waɗannan sun fi tsayuwa da ƙafafunsu a lokacin tsanani, amma ba sa bin farashin jan ƙarfe sosai. Codelco ta Chile, duk girmanta, ta gwamnati ce, ba a sayar da hannun jarinta. Can ƙasa kuma akwai ƙananan kamfanonin bincike da ba su haƙo komai ba tukuna, sai alkawari da taswira. Mafi yawansu ba sa kai wa ga buɗe mahaƙa, kuma kullum suna buga sababbin hannaye don neman kuɗi, kason tsohon mai jari yana ƙanƙancewa. Ban ga dalilin da sabon shiga zai kusance su ba.

Maganin haɗarin kamfani guda shi ne asusun da ya tara kamfanoni da yawa, irin COPX na Global X, wanda ke riƙe da hannayen jarin kamfanonin haƙa masu yawa daga nahiyoyi daban-daban, da kuɗin kulawa ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari a shekara. Rufe mahaƙa ɗaya ba zai karya ka ba. Amma idan kasuwannin hannayen jari gaba ɗaya suka rikice, kamar a Maris na 2020, shi ma tare da su zai gangara.

Hanya ta biyar: cinikin bambancin farashi

Shi ne ake kira CFD. Ba ka mallaki komai ba, yarjejeniya ce tsakaninka da dillali: farashi ya tashi ya biya ka, ya faɗi ka biya shi. Ana buɗe asusu cikin mintuna a waya, da kuɗi kaɗan, a ba ka damar juya ninkin abin da ka ajiye. Duk daren da ka kwana da ciniki a buɗe ana cire maka kuɗin ruwa. Hukumar kula da kasuwannin jari ta Tarayyar Turai ta gano a 2018 cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan 'yan kasuwa asara suke yi, ta kuma taƙaita ninkin da za a ba su a kan kaya irin jan ƙarfe zuwa goma. Dillalan da ke zaune a ƙasashen da babu sa ido kan ba da ninki ɗari ko fiye, wasunsu ma cire kuɗinka daga hannunsu shi ne babban aiki. Wannan ba ajiya ba ce, kuma ba na ba kowa shawarar ta.

| Hanya | Tsada | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari | Bin farashin ƙarfe |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙananan sanduna | Mai yawa ƙwarai wurin saye da sayarwa | Ƙarfen ba ya lalacewa | Saye da sauƙi, sayarwa da wuya | Sata, jabu | Kusan babu |
| Takardar rumbu ta tan 25 | Babban jari, haya, inshora | Mai kyau, haya na ci | Sai manyan 'yan kasuwa | Faɗuwar farashi, amanar rumbu | Sosai |
| Kwantiragin gaba | Kuɗin dillali kaɗan | Yana ƙarewa, sai an sabunta | Sai da ilimi da sa ido kullum | Asara na iya wuce jari | Sosai |
| Asusun bin farashi | Kuɗin kulawa da na sabuntawa | Watanni zuwa shekara biyu | Mai sauƙi | Iyakarsa abin da ka zuba | Da kyau a gajeren lokaci |
| Kamfani guda | Kuɗin dillali kaɗan | Ya danganta da kamfanin | Saye da sauƙi, zaɓe da wuya | Siyasa, hatsari, bashi | Yakan zarce, yakan saɓa |
| Asusun kamfanonin haƙa | Kuɗin kulawa | Shekaru | Mai sauƙi | Hawa da sauka mai ƙarfi | Matsakaici |
| CFD | Kuɗin kwana kullum | Kwanaki | Shiga da sauƙi ƙwarai | Mafi girma | Da kyau, muddin ba a rufe ka ba |

Wa ya dace da wace?

Idan abin da ya jawo ka shi ne dogon labarin nan na wutar lantarki da ƙarancin sababbin mahaƙu, kuma za ka iya barin kuɗin shekara biyar zuwa goma, asusun kamfanonin haƙa ne ya fi dacewa da kai. Shi ne ba ya zaizayewa da sabuntawa, yana kuma iya kawo rabon riba yayin jira. Ka shiga kaɗan-kaɗan a tsawon watanni maimakon zubawa a rana ɗaya, musamman idan farashi yana kusa da ƙololuwa ana ta yayata shi. Kuma ya zama ƙaramin kaso ne na dukiyarka, kason da idan ya rabu biyu kamar yadda ya sha yi, ba zai taɓa abincin gidanka ba. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki wannan ba, ɗaya daga cikin manyan kamfanoni masu haƙar ma'adinai iri-iri zai fi masa kwanciyar hankali, ko da yake jan ƙarfen da ke ciki ya surku da wasu abubuwa.

Idan kuwa hasashenka na watanni ne, misali kana ganin kaya na raguwa a rumbuna ko wata babbar mahaƙa ta tsaya, asusun bin farashi ne kayan aikinka. Kafin ka saya ka duba abu biyu: kasuwar da yake bi, da kuma ko farashin watanni masu zuwa ya fi na yau. Ka tsayar da ranar fita tun ranar shiga.

Kamfani guda na wanda zai zauna ya karanta rahoton shekara ne: nawa suke kashewa a kan tan, nawa ne bashinsu, mahaƙa nawa gare su kuma a ƙasashe nawa, shekara nawa suka rage a lasisinsu. Mai guje wa kuɗin ruwa ma a nan ya fi samun sarari, domin akwai ma'aunan tantance kamfani bisa yawan bashinsa, irin na hukumar AAOIFI da ke Bahrain.

Wanda zai buƙaci kuɗinsa cikin shekara ɗaya, don kuɗin makaranta ko haya ko magani, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ta dace da shi.

Kwantiragin gaba da takardar rumbu kuwa na wanda jan ƙarfe yake cikin sana'arsa ne: mai masana'antar waya, mai haɗa tiransifoma, ɗan kwangilar da ya sa hannu a kan aikin lantarki na shekara guda a tsayayyen farashi. Shi ba riba yake nema a kasuwar ba, kare kansa yake yi daga tashin farashi. Ya nemi dillali mai lasisin hukumar da ke kula da kasuwar, ya tabbatar da lasisin a shafin hukumar da kansa, ya sayi daidai adadin da aikinsa zai ci, sannan ya ware kuɗin ciko a gefe wanda zai iya ɗaukar faɗuwar kashi 20 cikin ɗari a rana ɗaya.